Mai Riƙe da Mabuɗin San Roque

Ni ce mai riƙe da mabuɗi.
Shekara goma sha tara ina buɗe cocin San Roque
kafin zakaran Nong Crispulo ya yi cara,
sai ga takarda daga ofishin magajin gari
da jan hatimi, an manna ta
daidai inda hannuna ke tura ƙyaure.

Kwanon ruwan albarka na bakin ƙofa
ni na tsane shi da soso.
Da ya bushe ƙayau
tsaka ta zo ta yi ƙwai biyu a ciki.
Ban kore ta ba.
Ita kaɗai ke zuwa coci ba takardar izini.

Ran Lahadi Fada Eleuterio
ya jingina waya da littafin waƙoƙi uku,
ya buɗe hannuwa ga benci arba'in:
"Ubangiji ya kasance tare da ku."
Fanka na ta juyi.
Daga bayan ginshiƙi, ta cikin takunkumi,
na amsa a madadin mutum ɗari shida,
muryata ko ƙofa ba ta kai ba.
Jikata ta ce a karkace suka ga Fada har ƙarshen wa'azi,
amma ba wanda ya kashe waya.

Lahadin Ganye muka hau keken Dodong mai ƙafa uku,
Fada a tsaye, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe,
ɗayan ya ɗaga Gurasar Rai cikin gidanta na zinariya,
ni a baya da 'yar ƙararrawa.
Muka bi bakin teku, inda jiragen masunta ke kife a yashi.
Kowace ƙofa da tebur, da kyandir, da saƙaƙƙen ganyen kwakwa,
mutane durƙushe nesa-nesa kamar dashen ayaba.
Wani yaro ya sheƙo zai sumbaci hannun Fada,
uwarsa ta cafke shi ta wuyan riga.
Fada ya kau da kai.
Na ga kafaɗarsa na rawa.

Manang Purificacion,
benci na uku, gefen taga.
Tun da na karɓi mabuɗi muke faɗa kan furen bagade,
ita fari, ni ja.
Ta ce tsintsiyata ba ta san lungu ba.
Ran Talata motar asibiti ta tafi da ita Tagbilaran,
ran Asabar ta dawo toka a ɗan tulu.
Jikanta ya tsaya wajen shinge rungume da ita,
Fada ya yayyafa ruwa ta tsakanin ƙarafa,
rabi a ƙasa ya sauka.
Ba waƙa, ba dare tara na addu'a da kofi da biskit.
Na hau na kama igiya,
na buga mata fiye da ƙa'ida.
Wa zai ƙirga?

Wani dare na tsaya gaban siffar San Roque,
shi da gyambonsa a cinya, da karensa mai burodi a baki.
Na ce: kai ma ka sha kulle a daji,
amma kai an aiko maka da kare.
Bai tanka ba.
Da safe na tarar da ledar shinkafa rataye a shinge,
da busasshen kifi biyar, ba suna.
Na kai wa Dodong rabi,
wata biyu kekensa bai ɗauki mai biya ba.

Yanzu an ce a buɗe, mutum talatin kacal.
Jiya na bi benci-benci da tef mai ruwan ɗorawa,
ina auna taku biyu, ina mannawa:
nan a zauna, nan kar a zauna.
Awo ya kawo ni benci na uku, gefen taga.
Na tsaya da tef a hannu
har rana ta bar tagar.

Furen gobe na yanko shi tun ɗazu.
Fari ne.
Har yanzu ina ganin ja ya fi.